Gulbi da Kufai da Daji: Tarihin Baƙunci da Ziyara a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sana'o'in da zamani ya zo da su akwai wadda ake kira yawon buɗe ido, watau mutum ya bar garinsu ya tafi wata ƙasa don kallo kawai. Wani reshe na wannan sana'a shi ne na manyan jiragen ruwa masu ɗaukar 'yan kallo suna bin gaɓar teku ko ta kogi. Idan jirgi ya tsaya a wata tasha da safe, sai a sauke fasinjoji a kai su wani tsohon ƙauye mai tarihi, daga nan a zarce da su gandun namun daji, kafin faɗuwar rana a mayar da su jirgi. Tun wajen 1870 kamfanin Thomas Cook na Ingila yake kai 'yan kallo a Kogin Nilu na Masar ta wannan hanya. A Afirka ta Yamma kuwa misalin da ya fi fitowa fili shi ne na ƙasar Gambiya, inda jirage kan tsaya a Banjul a kai baƙi ƙauyen Jufure, wanda littafin Alex Haley na 1976 ya fito da sunansa, ko kuma gandun Abuko da aka keɓe a 1968.

Abubuwa uku ne jarin wannan sana'a: ruwa, da tsohon gari, da daji. Dukkansu uku akwai su a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin Jihar Zamfara, amma ba a taɓa gina irin wannan sana'a a kansu ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda gulbi da kufai da daji suka kasance a tarihin wannan yanki, da irin baƙin da suka riƙa ratsa shi, da kuma dalilan da suka sa wuraren da ya kamata a je a gani suka zama wuraren da ake gudu daga gare su.

2.0 Tafiya da Baƙunci a Tunanin Bahaushe

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a dubi kalmomin da Hausawa suke amfani da su wajen rarrabe tafiye-tafiye. Akwai fatauci, watau tafiya mai nisa don ciniki. Akwai ci-rani, wanda manomi kan yi bayan kaka ya dawo kafin shuka. Akwai almajirci da yawon wa'azi, akwai hijira, akwai kuma ziyara, wadda asalinta zuwa ne wurin dangi ko malami ko kabarin wani bawan Allah. Wanda ya fita ba da ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba, shi ake cewa ya tafi yawon duniya, kuma kalmar ba ta yabo ba ce. Saboda haka "yawon buɗe ido" sabuwar ƙira ce, wadda aka yi don a ba tafiyar kallo mutuncin da ba ta da shi a da, ta hanyar danganta ta da ƙaruwar sani. Karin maganar nan da ke cewa tafiya mabuɗin ilmi, da wadda ke cewa gani ya kori ji, su ne suka share mata fage.

Ta fuskar mai karɓar baƙo kuma, al'adar ta daɗe da tsari. Akwai zango a bayan gari inda ayari kan sauka, akwai fatoma mai saukar da fatake da ajiye musu kaya, akwai sarkin fito mai ƙetarar da mutane da dabbobi a mashigin ruwa, sa'an nan akwai sarkin gari wanda amincin baƙo yake wuyansa. Wannan tsari shi ne ya riƙe hanyoyin Zamfara shekaru aru-aru, kuma da shi za a auna abin da ya biyo baya.

3.0 Gulbin Zamfara da Hanyar Gwanja

Mutanen yamma "gulbi" suke cewa inda Bakano zai ce "kogi". Gulbin Zamfara ya taso daga gabas, ya bi ta ƙasar Anka da ta Bukkuyum da ta Gummi, ya wuce Jega, sa'an nan ya haɗu da Gulbin Sakkwato, wanda shi kuma ya zuba a Kwara. Daga kudu kuma akwai Gulbin Ka, wanda ya raba wannan yanki da ƙasar Zuru. Ba ruwa ne na manyan jirage ba. Da rani yakan janye ya bar rairayi da 'yan tafkuna, da damina kuma ya cika ya malale fadamu. Wannan cika da janyewa ita ce arzikin mutanen wurin, domin ita ke ba su shinkafa da rake da albasa da kifi, ta kuma ba makiyaya ruwa da ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya bushe.

Labarin wannan yalwa ya daɗe da fita waje. Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya ambaci Zamfara a littafinsa da aka buga a 1550, ya ce ƙasa ce ta hatsi da shinkafa da auduga. Turawan da suka zo a ƙarni na 19 kuwa ta arewacin Zamfara suka bi. Hugh Clapperton a 1824 da Heinrich Barth a 1853 duk ta Zurmi suka ratsa, suka keta dajin Gundumi zuwa ƙasar Sakkwato. Ke nan kwarin gulbin da ya bi ta Anka zuwa Gummi bai samu shiga littattafansu kamar yadda arewa ta samu ba.

Waɗanda suka san wannan kwari sani na haƙiƙa su ne fataken goro. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka haɗa Kano da Gwanja, a arewacin Gana ta yau, ta bi ta Zamfara ta sauka Jega ko Yawuri kafin a ƙetare Kwara. Binciken da Paul Lovejoy ya wallafa a 1973 ya nuna cewa Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan rukunoni uku na fataken goro tare da Agalawa da Tokarawa, a Gummi suka kafu suka yi suna kafin da yawansu su koma Kano a ƙarni na 19. Wannan ya nuna cewa Gummi mahaɗa ce a wancan zamani, inda ake jin labarin Salaga da na Kukawa a kasuwa ɗaya. Madugu da ya fito da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu yakan sauka a zangonta, ya biya fito a mashigi, ya sayi guzuri, ya ɗauki labarin hanya. Garin ya kuma yi suna da malanta. Daga gidan alƙalancinsa ne Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya fito, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962.

Abin da ya karya wannan hanya shi ne jirgin ƙasa da mota. Da dogo ya iso Kano a 1911, goro ya koma zuwa ta teku da Ikko. Da ya kai Gusau da Ƙaurar Namoda a 1929, sai cinikin gyaɗa da auduga ya karkata gabas. Garuruwan gulbi suka koma gefe, gulbin kansa ya rage wa masunta da masu kwalekwalen fito. Hatsarin kwalekwalen da ya ci rayukan manoma masu yawa kusa da Gummi a watan Satumba na 2024, suna kan hanyar zuwa gonakinsu a ƙetaren ruwa, ya nuna cewa har zuwa lokacin fito bai canza ƙwarai daga yadda kakanni suka bar shi ba.

4.0 Sarauta Mai Ƙaura da Kufanta

Tarihin sarautar Zamfara tarihi ne na ƙaura. Riwayar baka ta ce a Dutsi, ta wajen Zurmi, aka fara sarauta, kuma Dakka ne na farko a jerin sarakuna. A can ne ake nuna wasu manyan kaburbura da ake cewa na sarakunan farko ne. A cikin jerin nan akwai mace, 'Yargoje, wadda riwaya ta danganta zamanta da Kuyambana, can kudu cikin daji. Daga baya aka gina Birnin Zamfara a arewa, ta wajen Isa ta yau, kuma daga nan ne daular ta kai ƙarshen ƙarfinta a ƙarni na 17 da farkon na 18, har ta riƙa karawa da Kabi da Katsina da Kano.

Faɗuwar birnin darasi ce a kan baƙunci. Gobirawa, waɗanda matsin Azbinawa ya turo kudu, a matsayin baƙi suka shigo ƙasar Zamfara aka ba su wurin zama da noma. Wurin da suka zauna shi ne Alƙalawa, wanda aka ce gonakin alƙalan Zamfara ne. Da suka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a wajen 1762, zamanin Sarkin Zamfara Maroƙi, ya mai da Alƙalawa babban birninsa. Daga nan gidan sarautar ya shiga yawo, ya zauna Kiyawa, ya zauna Sabon Gari da wasu wurare, kafin ya tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Kowane mazauni da aka tashi daga gare shi ya bar kufai: ragowar ganuwa, da rijiyoyi, da marina, da kukoki, da maƙabarta.

A tsakiyar wannan yawo ne jihadi ya same su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin hijirarsa ta 1804, kuma bayan wahalar da jama'arsa suka sha a Tsuntsuwa, Zamfara suka nufo a 1805 suka yi sansani a Sabon Gari, domin a nan abinci yake, kuma Zamfarawa suna da tsohuwar ƙullalliya da Gobir. Daga wannan sansani ne aka fita aka ci Birnin Kabi a shekarar. Sai dai zaman bai ɗore da daɗi ba. Rundunar da yunwa ta kora ta faɗa wa rumbunan masu masauki, garuruwa da dama suka juya baya, jama'ar Shehu suka tashi zuwa Gwandu. Wannan tsami ya daɗe, domin bayan rasuwar Shehu a 1817 sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sake yaƙar wasu garuruwan Zamfara, kuma har a 1891 an yi yaƙi tsakanin Sakkwato da Talatar Mafara.

Sunayen garuruwa da na sarautu a wannan yanki suna riƙe da wannan tarihi. Sarkin Anka Sarkin Zamfara ake ce masa, watau sunan daular ya bi gidan ya bar birnin. Na Gummi Sarkin Mafara ne, na Bukkuyum kuma an san shi da Sarkin Danko. Akwai Birnin Tudu da Birnin Magaji a ƙasar Gummi, akwai Zauma da Zugu a ƙasar Bukkuyum, akwai Sabon Birni a ƙasar Anka. Duk inda aka ji "birni" a sunan wurin da yau ƙauye ne, to akwai ganuwa da aka taɓa ginawa, akwai kuma abin da aka gina ta dominsa. Haka nan "tunga", wadda ta cika sunayen ƙauyukan yankin, tana nuna mazaunin da manoma ko mafarauta ko masunta suka kafa a gefen daji, suna ƙarƙashin wani tsohon gari.

Masana biyu ne suka fi tattara wannan tarihi. Bajamushe Kurt Krieger ya zauna a Anka ya ɗauki riwayoyin fada, ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a Balin a 1959. Garba Nadama, wanda daga baya ya zama Gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 a kan tashin daular da faɗuwarta. Dukkansu biyu sun dogara ga abin da dattawa suka faɗa da kuma abin da ƙafa ta taka ido ya gani. Wannan batu za a komo kansa a gaba.

5.0 Daji Kafin Zuwan Turawa

A kudancin Anka da Bukkuyum ƙasa takan fara tashi, duwatsu su yawaita, itatuwa su yi kauri: doka da maje da kirya da marke da kaɗanya da ɗorawa. Wannan daji ya miƙe har Kuyambana ta ƙasar Ɗansadau, ya haɗe da na Birnin Gwari. A cikinsa aka san giwa da ɓauna da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa, da masu cin su, watau zaki da damisa da kura. Sunan Barayar Zaki a ƙasar Anka shaida ce ta irin maƙwabtan da mutanen wurin suka taɓa zama da su.

Ga Bahaushen da, daji yana da masu shi. Na farko iskoki, waɗanda aka yi imani suna zaune a tsamiya da kuka da duwatsu da gurabun ruwa, abin da ya sa ba a sare wasu itatuwa, ba a kuma shiga wasu kurmi sai da shiri. Na biyu mahalba, masu kwari da baka, waɗanda sana'arsu gado ce, da shugabanninsu irin su sarkin baka da sarkin dawa. Su suka san mashaya da makwanta, su ke ba da maganin sammu da na dafi, su ne kuma jagororin ayari da na runduna. Na uku sarki, wanda yake da rabonsa a babban nama, kuma da izninsa ake fita farautar gayya da rani bayan an kawar da amfanin gona. Na huɗu makiyaya, masu ratsa daji ta burtali zuwa mashekari. Waƙoƙin farauta da na tauri, irin waɗanda Kassu Zurmi ya shahara da su, daga wannan duniya suka fito.

Ba a cewa wannan tsari ya hana ɓarna gaba ɗaya. Daji ya kasance mafakar 'yan fashi da masu kamun bayi tun da, kuma saboda haka ne fatake suke tafiya cikin ayari da makamai. Amma akwai wanda za a tambaya idan abu ya faru, domin kowane yanki na daji yana da garin da yake kallonsa a matsayin nasa. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ma sun ƙara wa daji faɗi, saboda mutane sun tattaru a garuruwa masu ganuwa sun bar gonakin nesa. Inda mutum ya janye, nama da ƙudan tsando sukan dawo. Da yawa daga cikin abin da Turawa suka tarar suka ɗauka daji ne tun fil azal, kufai ne da ciyawa ta rufe.

6.0 Gandun Daji

Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Turawa sun zo da wani tunani dabam game da daji, wanda ya samo asali daga keɓe gandun Yellowstone a Amurka a 1872 da yarjejeniyoyin kare namun dajin Afirka da aka ƙulla a Landan a 1900 da 1933. A tunanin nan, hanyar tsare daji ita ce a shata masa iyaka a fitar da mutane. A 1916 aka yi dokar gandun daji da ta kare namun daji a Nijeriya, aka fara keɓe dazuzzuka da sunan En'e. Kalmar da aka zaɓa ma abin lura ce. "Gandu" a asali babbar gonar gida ce ko ta sarki, wadda ake yi wa aiki amma amfaninta na mai ita ne. Da aka ce "gandun daji", talaka ya fahimci cewa dajin ya zama na hukuma, kuma malamin daji da ɗan sandan En'e su ne masu gadinsa. Mahalbin da jiya shi ne masanin daji, yau ya zama mai laifi idan an gan shi da nama.

Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba a kan wannan turba. An keɓe Yankari a 1956 aka buɗe ta ga 'yan kallo a 1962, aka yi dokar namun daji a 1963 da ta makiyaya a 1965. A zamanin Jihar Arewa maso Yamma, a farkon shekarun 1970, aka mai da dajin Kuyambana gandun namun daji, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000. Yana maƙwabtaka da dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun ƙasa a 1999, giwaye kuma sukan yi kai da kawo tsakanin dazuzzukan biyu.

A nan ne aka sami damar da ba a yi amfani da ita ba. Kuyambana ta haɗa abu biyun da 'yan kallo suke biyan kuɗi su gani a wasu ƙasashe, watau kufan tsohon gari mai riwayar sarauniya da kuma namun daji, ga fadar Anka da ganuwarta a kusa, ga gulbi. A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, hankalin hukuma ya tafi ga wasu wurare. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, ya samu masauki da hanya da talla har ya zama na duniya. Yankari ta samu ɗakunan baƙi a Wikki. Kainji ta samu tafki bayan gama madatsar ruwa a 1968, da gandun ƙasa a ƙarshen shekarun 1970. Kudancin Zamfara kuwa ya samu doka a takarda, ba tare da hanya ko isassun ma'aikata ba. An raba dajin da masu shi na da, ba a kuwa ba shi sabon mai shi na gaske ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

7.0 Zinariya da Bindiga

Ƙarƙashin wannan daji akwai zinariya. Tun shekarun 1930, lokacin da farashinta ya tashi a duniya, aka yi ta haƙar ta a Lardin Sakkwato, sa'an nan aikin ya lafa. Da farashi ya sake hawa bayan 2008, sai ƙauyawa suka koma ramuka, suna kawo duwatsu gida suna niƙawa a injin niƙan hatsi, mata suna dakawa a turmi a tsakar gida. Duwatsun suna ɗauke da dalma mai yawa. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa ƙurar dalma ce take kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Baƙin da suka zo yankin daga ƙasashen waje a waɗannan shekaru likitoci ne da masu auna guba.

A daidai wannan lokaci rikicin manoma da makiyaya, wanda cinye burtali da makiyaya da rashin adalci a wurin shari'a suka daɗe suna hura wa wuta, ya rikiɗe ya zama satar shanu, sa'an nan kisa tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga, sa'an nan satar mutane don kuɗin fansa. Dazuzzukan da aka keɓe, da yake babu gari a cikinsu kuma babu hukuma, su suka zama sansani. Sunan Kuyambana ya koma fitowa a labaran yaƙi. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, hanin da aka ɗage a watan Disamba na 2024. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar na wani lokaci. A farkon watan Janairu na 2022 aka kai hari a kan ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum, ciki har da Kurfar Danya da Rafin Gero, inda mazauna wurin suka ce an kashe kimanin mutum 200. Garin Anka, wanda gidan sarautar Zamfara ya fake a cikinsa shekaru ɗari biyu da suka wuce, ya sake zama mafakar waɗanda aka tasa daga ƙauyukansu.

Asarar rai ita ce babba, kuma ba a haɗa ta da komai. Amma akwai wata asara da ta shafi masu nazarin harshe da tarihi kai tsaye. Aikin da Krieger da Nadama suka yi ya yiwu ne domin akwai dattijo a ƙauyensa wanda zai kama hannun mai bincike ya kai shi gindin kuka ya ce nan ƙofar gari take, nan marina, nan aka binne wane. Riwayar baka a jikin wuri take rataye. Idan aka raba dattijo da kufansa aka kai shi sansanin gudun hijira, sunayen fadamu da duwatsu da mashigai sukan fara zubewa, jikokinsa kuma su tashi ba su taɓa ganin wuraren ba. Haka kalmomin farauta da na su da na fito a karin harshen Zamfarci suke cikin haɗari, domin sana'ar da ba a yi kalmominta ba sa daɗewa a baki. Ƙauyukan da aka tashi daga cikinsu a shekarun nan su ma sun zama sababbin kufai, a kan tsofaffin da ba a gama nazarinsu ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda gulbi da gari da daji suka kasance abu guda a tsohon tsarin yammacin Zamfara: gulbi yana ciyar da gari yana kawo masa baƙi, gari yana tsare hanya yana kula da dajin da ke kewaye da shi, daji kuma yana ba da nama da magani da makiyaya. Dogo da mota sun ɗauke fatake daga gulbi, dokar gandu ta raba gari da daji, sakaci kuma ya bar dajin ga wanda ya fi ƙarfi. Ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996 ya dawo da sunan daular, har aka ba Sarkin Zamfaran Anka shugabancin majalisar sarakunan jihar, amma bai gyara wannan rabuwa ba.

Darasin da ke cikin misalin Gambiya da na Argungu shi ne baƙo yana zuwa ne inda mai gida yake zaune lafiya a gidansa, kuma yana da rabo a cikin abin da aka zo gani. Saboda haka maganar kai 'yan kallo Kuyambana ko kufan Zauma tana bayan maganar mayar da manomi gonarsa da makiyayi burtalinsa. Abin da ba zai jira ba shi ne aikin masana. Dattawan da aka tasa daga ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi suna nan a garuruwan da ake iya zuwa, a Anka da Gusau da Sakkwato. Ya kamata sassan Hausa da na tarihi a jami'o'in Sakkwato da Gusau da Kano da Zariya su tura ɗalibansu su ɗauki jerin sarakunan ƙauyuka, da sunayen wurare da ma'anoninsu, da kirarin mahalba, da kalmomin masunta, a rubuta a adana tun masu su suna da rai. Haka kuma ya kamata a fassara littafin Krieger zuwa Hausa, a buga kundin Nadama, domin jikokin waɗanda suka ba da riwayar su iya karanta abin da kakanninsu suka faɗa.